Zurfin hoto a kan allo: inda yake taimaka wa ƙwaƙwalwa da inda yake yi mata nauyi

Tambaya

Wata malama mai koyar da ilimin sassan jikin ɗan Adam a wata makarantar koyon aikin lafiya a Zariya ce ta aiko da wannan: "Makarantarmu ta samu ɗan kuɗi na kayan koyarwa. Ana shawarar a sayi tabarau na VR (na'urar da ake sawa a fuska, mai sa mutum ya ji kamar yana cikin hoton) guda goma, a kuma mayar da silaid ɗinmu da zane-zanen ƙididdiga su koma 3D, wato masu zurfi. Mun aro guda biyu mun gwada. Ɗalibai sun ji daɗinsu sosai, amma wasu sun yi kukan ciwon kai da jiri, kuma da na yi musu gwaji ban ga makinsu ya tashi ba. Shin zurfin nan da ake sa wa hoto yana taimaka wa ƙwaƙwalwa, ko kuwa ado ne?"

Amsa

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika gwada kafin a kashe kuɗin. Amsar ta rataya ne a kan irin tambayar da ɗalibi yake son hoton ya amsa masa. In tambayar ta siffa ce, wato mene ne a gaban mene, ta ina jijiya ta bi ta kewaye ƙashi, yaya ƙofofin zuciya suke zaune, to zurfi yana sauke wa ƙwaƙwalwa kaya mai nauyi. In kuwa tambayar ta yawa ce ko ta ainihin tazara, wanne ya fi, da nawa ya fi, to zurfi ɓata lissafi yake yi. Ciwon kan kuma dalilinsa daban ne, yana zuwa idan alamun zurfin suka saɓa wa juna. Shawarata tun daga farko ita ce kada a sayi goma, kada kuma a taɓa zane-zanen ƙididdigar.

Allon kwamfuta shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, hoton da ke sauka a tantanin bayan ido ma haka yake. Ƙwaƙwalwa ce ke gina zurfin daga alamu, kamar yadda maharbi ke gane girman dabba daga sawunta. Ibnul Haisam ya yi bayanin haka a Kitabul Manazir tun ƙarni na 11, inda ya nuna cewa mutum ƙiyasta nisa yake yi, ta hanyar ƙasar da ta shimfiɗu tsakaninsa da abin da yake kallo da abubuwan da ke jere a kanta. Alamun nan duk mun san su ko da ba mu taɓa ba su suna ba. Abin da ya tare wani, shi ne a gaba. Abin da muka san girmansa, in ya ƙanƙance, ya yi nisa. Ƙarafan layin dogo a tashar Sabon Gari kamar za su haɗe can gaba. Dutsen Kufena, wanda bayan ruwan Agusta za ki gan shi tar daga Wusasa kamar ki miƙa hannu ki taɓa, a hazon Janairu sai ya yi fari-fari ya ja baya, alhali bai motsa ba. Sai inuwa, sai kuma motsi: a mota kan hanyar Kano itatuwan bakin titi na wucewa fiu, na can cikin gona kuwa a hankali suke tafiya. Duk waɗannan da ido ɗaya ma ana ganinsu, kuma allo na yau da kullum yana iya nuna su.

Akwai uku da irin wannan allon ba ya bayarwa. Na farko shi ne ɗan bambancin da ke tsakanin hoton da idon dama ke gani da na hagu, saboda tazarar idanun, wadda a manya takan kai milimita 63 a tsaka-tsaki. Charles Wheatstone ya nuna a 1838 cewa wannan bambancin yana haifar da zurfi, kuma a kansa aka gina sinimar 3D da tabarau na VR. Na biyu, karkatowar idanu ciki idan abu ya matso. Na uku, kumburar ruwan tabarau na cikin ido don hoton abu na kusa ya fito sarai. Ki riƙe biyun ƙarshen nan, don a wurinsu ciwon kan yake.

Alamun ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowace da zangonta. Tarewa tana aiki a kowane nisa, sai dai gaba da baya kawai take faɗa, ba ta faɗin tazara. Bambancin idanu biyu kuwa na kusa ne: in nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa ya koma rubu'i. Mai lafiyar ido a nisan rabin mita yana iya bambance zurfin da bai kai rabin milimita ba. A mita 10 sai tazarar ta kai kusan santimita 16 kafin ya gane, a mita 100 kuwa sai ta kai mita 16. Shi ya sa mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, in ya rufe ido ɗaya ya ce zai zura zare a allura, zai yi ta kuskuren kafar, amma ya rufe ido ɗaya ya hangi dogon ginin Senate na Jami'ar Ahmadu Bello daga titin Samaru, kusan babu abin da ya sauya. Aikin da ke iya tsawon hannu shi ne gidan wannan alamar, kuma aikin ɗalibanki, daga neman jijiya zuwa ɗinkin rauni, duk a nan yake. Don haka ba zan ce miki ado ne ba.

Yanzu ga abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Ma'ajiyar wucin gadi, wadda muke riƙe abu da ita yayin da muke tunani a kansa, ƙarama ce ƙwarai, abu kamar huɗu take ɗauka a lokaci guda. In kika ba ɗalibi zane uku na zuciya, na gaba, na baya da na yanka a tsakiya, sai ya haɗa su a ransa ya juya su kafin ya gane siffar. Wannan juyawar aiki ce da ake iya aunawa. Shepard da Metzler sun nuna a 1971 cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya juya siffa a ransa yana ƙaruwa daidai da girman juyin, kimanin daƙiƙa ɗaya ga kowane digiri 60. Yana cikin wannan faman ne kuma kike gaya masa sunayen jijiyoyi, sai wani abu ya zube. Hoton da ke juyawa a kan allo ya karɓe masa juyin, ya bar masa fili don sunaye da ma'ana. Colin Ware da Glenn Franck sun auna irin wannan ribar a 1996 da zane mai sarƙaƙiyar layuka, inda ake tambayar mutum ko layi ya haɗa wannan ɗigo da wancan. Da aka sa bambancin idanu biyu kaɗai, girman zanen da mutane ke iya bi ya ninka sau 1.6. Da aka sa motsi kaɗai, sau 2.2. Da aka haɗa su, sau uku. Ki lura da na tsakiyan nan: motsi, wanda kowace kwamfutar tafi-da-gidanka ke bayarwa ba tare da tabarau ba, ya ɗauki kaso mai tsoka na ribar.

Inda zurfi ke cutarwa kuwa, dalilin na lissafi ne. Duk hoton 3D da ke kan allo daga kusurwa ɗaya aka ɗauko shi, kuma tazarar da ta miƙe daga idonki zuwa cikin allon takan matse. Ɗigo ɗaya da ke sama a hoton yana iya zama abu mai tsawo na kusa, yana iya zama gajere na nesa, ido ba shi da hanyar rabewa sai da taimakon inuwa ko layin da ya sauko ƙasa. St. John da abokan aikinsa, waɗanda ke wa sojan ruwan Amurka bincike, sun wallafa a 2001 cewa hoton 3D ya fi wajen gane siffar abu ko ta ƙasa, amma shimfiɗaɗɗen hoto ya fi wajen faɗin ainihin wuri da tazara tsakanin abubuwa biyu. Shi ya sa maginin da aka nuna wa hoton gida mai kyau na 3D, in zai haƙa tushe sai ya nemi shimfiɗaɗɗen zanen da ke da awo, kuma shi ya sa likita ke auna ƙari a kan yankakken hoton sikanin.

Zanen ƙididdiga gaba ɗayansa tambayar yawa ce. Cleveland da McGill sun jera a 1984 irin alamun da ido ya fi karantawa daidai: matsayi a kan ma'auni ɗaya shi ne kan gaba, tsawo da kusurwa na biye, faɗin fili na ƙasa da su, girman abu mai ciki kuma ya fi su rauni. Mayar da sandunan zanen ƙididdiga su zama tubala ya sauko da ɗalibi daga alama mafi ƙarfi zuwa mai rauni. Ki gwada a Excel. Ki rubuta 35, 30, 20 da 15, ki yi da'irar da ake yankawa kamar kankana, ki mayar da ita 3D, ki juyo yankin 30 ya dawo gaba. Yankin gaban ya sami kaurin gefe, na bayan ya matse, za ki ga da yawa sun ce 30 ya fi 35. A sandunan 3D kuma, kan sandar ba ya daidaita da layukan ma'auni da ke bangon baya, mai karatu ya rasa ko gefen gaba zai duba ko na baya. Ɗalibin da zai fita ya karanta adadin masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata bai kamata a saba masa da wannan ba.

Jin daɗin da ɗalibai suka yi bai ba ni mamaki ba, kuma ba laifinsu ba ne. Smallman da St. John sun rubuta a 2005 cewa mutane kan zaɓi hoton da ya fi kama da zahiri, suna kuma yarda sun fi aiki da shi, ko da awo ya nuna akasin haka. A 2019 Makransky na Jami'ar Kopenhagen da abokansa sun ba ɗalibai darasin ɗakin gwaji guda, a kan kwamfuta da kuma cikin tabarau na VR. A cikin tabarau ɗaliban sun fi jin kamar suna wurin, amma abin da suka koya ya fi ƙaranci, kuma awon aikin ƙwaƙwalwa ya nuna nauyi ya fi yawa. Hankalin da ya tafi wajen waige-waige da koyon riƙe sandunan hannu, daga rabon darasi aka cire shi.

Akwai kuma maganar wane ɗalibi. Mutane sun bambanta sosai wajen iya juya siffa a rai. A Jami'ar McMaster ta Kanada, Garg da Norman da abokansu sun koyar da ƙasusuwan wuyan hannu guda takwas a 1999, wasu da hoto mai nuna fuskoki masu yawa, wasu da manyan fuskoki kawai. Ɗaliban da ke da rauni wajen juya siffa, yawan fuskokin ya mayar da su baya. In aka sakar wa irin wannan ɗalibin ƙashi yana wulwulawa ta ko'ina, nan da nan ya rasa ina ne gaba, ina ne sama, ya koma neman hanya maimakon koyo. Maganinsa mai sauƙi ne. A fara da fuskar gaba, a tsaya a kanta har ya san manyan alamu. A ba shi damar karkata ta kaɗan hagu da dama, digiri 10 zuwa 20, don wannan ɗan girgizawar ta isa ta fito da zurfi. A sa ƙaramin hoton mutum a kusurwar allo yana juyawa tare da ƙashin don ya nuna ina aka fuskanta, a kuma sa maɓallin da ke mayar da komai mazauninsa na farko. Sai daga baya a sake masa linzami.

Daga wannan jami'ar dai aka sami sakamakon da ya fi shafar kuɗinku. A 2013 sun gwada koyar da ƙashin ƙugu ta hanya uku: hotuna tsayayyu a kwamfuta, hoto mai juyawa a kwamfuta, da samfurin roba da ake ajiyewa a kan tebur. Masu samfurin roba ne suka fi maki. Daga baya Wainman da abokansa suka bi diddigin dalili, suka rufe wa masu kallon samfurin ido ɗaya, sai fifikon ya ɓace, abin da ya nuna bambancin idanu biyu ne ke ba shi ƙarfi. Da suka gwada shi da tabarau na VR da HoloLens (tabarau na Microsoft mai ɗora hoto a kan abin da ake gani a zahiri) ma, samfurin roba ne ya yi gaba. A samfurin da ke gabanki duk alamun zurfi suna faɗin magana ɗaya, ba ya neman caji, kuma ɗalibai shida na iya kewaye shi suna gardama.

To, ciwon kan. Ki miƙa yatsa gabanki, ki kafa masa ido, ki jawo shi a hankali zuwa hanci. Idanunki na karkatowa ciki, ruwan tabarau na ido yana kumbura, tare suke tafiya kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya, kuma tun jarirantaka aka ɗaure su haka. A cikin tabarau na VR an kwance wannan karkiyar. Gilasan na'urar sun kafe hoton a nisa guda, yawanci tsakanin mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita biyu, dole ido ya daidaita haskensa a can. Amma manhajar na iya kawo ƙoƙon kai santimita 30 daga hanci, dole idanu su karkato nan. Ana auna saɓanin da diyofta, wato ɗaya a raba da nisa a mita, irin awon da ke kan takardar tabarau. Mita 2 rabin diyofta ce, santimita 30 kuwa 3.3, saɓanin ya kusa 3. Abin da ido ke jurewa cikin sauƙi bai wuce kimanin rabin diyofta ba. Hoffman da Banks da abokansu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna a 2008 cewa wannan saɓanin yana jinkirta haɗe hotunan biyu, yana rage kaifin gane zurfi, yana kuma kawo gajiyar ido da ciwon kai. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce hoton HoloLens a mita 2 yake, ya ba da shawarar a ajiye abubuwa tsakanin mita 1.25 da mita 5, a guji kawo su ƙasa da santimita 40. Matsalar ajinki ita ce ɗalibi in ya ga ƙashi, abin da zai fara yi shi ne jawo shi kusa da fuska, don haka ya saba. Ki koya musu akasin haka: su tura ƙashin ya kai mita ɗaya ko fiye, su ƙara masa girma sau uku ko huɗu.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne daidaita tazarar gilasan da tazarar idon mai sawa. A manya tana kamawa daga kimanin milimita 54 zuwa 74, ta mata kan fi ƙanƙanta. In ɗalibi mai faɗin fuska ya cire ya miƙa wa ɗaliba mai 57 ba a gyara ba, ta gefen gilashi take kallo, hoton ya dusashe, idanunta su yi ta ja don su haɗe shi. Awon minti ɗaya ne: ɗalibi ya kafa ido a kan abu mai nisa ta taga, abokinsa ya ɗora rula a kan karan hancinsa ya auna daga tsakiyar baƙin ido zuwa tsakiyar ɗayan, a rubuta lambar a bayan littafinsa. Tabarau na VR ƙirar Quest 2, alal misali, matsayi uku kawai gare shi, 58 da 63 da 68, don haka kafin a saya a duba ko na'urar ta kai lambobin ɗalibanku. Mai tabarau na ganin nesa ya bar shi a fuskarsa, na karatu kuwa a cire.

Jiri da tashin zuciya daga wata ƙofa suke shigowa. Kunnen ciki ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. In ido ya ce muna tafiya, kunne ya ce muna zaune, ko kuwa kai ya juya hoton ya makara, sai ciki ya tashi. Abin da masu ƙera na'urorin ke nema shi ne jinkiri ƙasa da kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, da hoto kamar 90 a daƙiƙa. Akwatunan nan masu araha da ake zura waya a ciki ba sa kai wa nan, kuma juyin kai kawai suke bi, in ɗalibi ya sunkuya gaba duniyar sai ta biyo shi. A zafin Maris da Afrilu na Zariya abin ya fi muni, don na'ura in ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta, gumi kuma ya turare gilashi. Da hunturu kuma ido a bushe yake, ga shi mai kallon allo ba ya yawan ƙiftawa. A zaunar da ɗalibi a kujera, a zaɓi tsarin da ake tsallakawa daga wuri zuwa wuri maimakon wanda ake zamewa da sanda, a fara da minti 10 zuwa 15, wanda ya ji jiri ya cire nan take. Daurewa ba ta maganinsa.

Ki sani kuma a kowane aji akwai waɗanda ba sa ganin zurfin idanu biyu sam, kimanin mutum 7 cikin 100, galibi saboda harara-garke ko ido ɗaya mai rauni tun yarinta. Da yawansu ba su sani ba, don sun saba dogara da motsi da inuwa. A aji mai ɗalibai 60 kina iya samun huɗu. Kada a gina darasi ko jarrabawa a kan abin da sai da wannan alamar ake gani, kuma wanda ya ce shi bai ga wani bambanci ba, a tura shi asibitin ido a duba shi cikin mutunci.

In an koma tunanin majigin 3D don aji duka ya gani, akwai tarko biyu. Hoton dama da na hagu suna da ɗan rata a kan allo, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ratar ta wuce digiri ɗaya a idon mai kallo, wato santimita ɗaya ga wanda ke santimita 60 daga allo, santimita biyar ga wanda ke mita uku. Hoton da aka shirya wa allon kwamfuta mai faɗin santimita 35, in aka haska shi a bango ya kai mita 2.4, komai ya ninka kusan bakwai. Ratar santimita ɗaya ta abin da ke can baya ta zama bakwai, ta wuce tazarar idanu, sai idanun su buɗe waje, abin da ba a halicce su su yi ba. Masu zama a layin gaba su suka fi shan wuya. Tarko na biyu shi ne tabarau na kwali mai ja da shuɗi. Da launi yake raba hoton, ku kuma da ja da shuɗi kuke bambance jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da mai mayarwa. Launukan za su rikice, kowane ido ya ga nasa.

A kan silaid da manhajar jarrabawa, ɗan zurfi kaɗan yana da amfani idan saƙo yake isarwa. Siririyar inuwa a ƙarƙashin maɓalli tana cewa a danna ni, akwatin da ya tare na bayansa yana cewa ni za a fara karantawa. Bayan da iOS 7, manhajar wayoyin iPhone, ya fito a 2013 aka shiga yayin shafe inuwa, kamfanin Nielsen Norman ya bi motsin idon masu karatu a 2017 ya ga cewa a shafukan da aka raunana irin waɗannan alamu, mutane sun ɗauki lokaci da ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari kafin su sami abin da suke nema. Sharaɗin shi ne haske ya fito daga wuri ɗaya, daga sama, domin ƙwaƙwalwa ta ɗauka daga sama haske ke zuwa, in aka juya inuwar sai tudu ya koma rami. Hawa biyu ko uku sun isa. Rubutu kuwa a bar shi a miƙe, kada a karkata shi cikin allo, kada kuma a sa jan rubutu a kan shuɗi, don ido ba ya tattara launukan biyu a wuri guda, sai rubutun ya riƙa yawo.

Gwajin da kika yi ki sake shi da tsari kafin kwamiti ya zauna. Ki raba aji uku da ƙuri'a, kada ki bar su su zaɓa. Darasi ɗaya, minti 15 ga kowa: rukuni ɗaya da samfurin roba ko ƙashi na gaske, ɗaya da hoto mai juyawa a kwamfuta, ɗaya da tabarau. Masu tabarau a ba su minti goma na sabo da na'urar a wata rana daban, don kada baƙuntarta ta ci makinsu. Tambayoyin ki kasa su biyu ki tara makinsu daban: na suna da aiki, da na siffa, irin su wane ne ke bayan wane, in aka yanka a nan me za a gani. In kika haɗe su, ribar da ke ɓangaren siffa za ta nitse, wataƙila ma abin da ya faru a gwajinki na farko ke nan. Ki yi gwajin a ranar, ki maimaita bayan mako guda, kowa kuma ya rubuta ciwon kai da jiri daga sifili zuwa biyar. A darasi na gaba ki sauya rukunan.

Kuɗin kuwa, ni zan fara ne da samfuran roba masu kyau da ake warewa, na ƙugu da zuciya da ƙoƙon kai, sai manhaja mai juya hoto da ke aiki ba intanet, sai abin ajiye wuta. Abin da ya rage a sayi tabarau biyu ko uku masu bin motsin kai da na jiki, masu gyaran tazarar gilashi, a keɓe su ga wuraren da hannu ba ya shiga kuma samfuri ba ya nunawa da kyau: bututu uku na kunnen ciki da kowanne ke kwance a tasa fuskar, kogunan ruwa na cikin ƙwaƙwalwa, ƙofofin da jijiyoyi ke fita ta gindin ƙoƙon kai. Ɗalibi ya shiga da tambayoyi uku rubutattu, abokinsa na gefe yana karanta masa su, ya yi minti goma, ya cire, ya dubi nesa ta taga na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki fensir ya zana abin da ya gani daga gaba da kuma daga gefe.